Me Ya Sa Buji Ke Tsagewa? Ƙarfin Tangaran Yana Kan Fatarsa



Ɗan'uwa, ɗauki bujin babur ko na janareta ka duba farin ɓangaren nan. Ba ƙarfe ba ne, tangaran ne na alumina, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Irinsa ake sawa a zoben da ke hana ruwa yoyo a injin ban ruwa da yawa. To, abu mai jure wuta haka, me ya sa faɗuwa ɗaya kan dutse ke kashe shi?

Ƙarfe yana lanƙwasa kafin ya karye. Tangaran bai san lanƙwasa ba. Tun wajen 1920 wani injiniyan Ingila, Griffith, ya nuna cewa irin waɗannan abubuwa suna fashewa ne daga 'yar tsagar da ido ba ya gani, galibi a kan fata. Ka san yadda yadi ke kecewa da zarar almakashi ya ɗan ci bakinsa? Haka abin yake.

Shi ya sa masana ke gyara fatar da hasken leza. Ko dai a narkar da ita sama-sama, tsagogin su liƙe, ko a riƙa bugunta da gajeren haske mai ƙarfi har ta matse. Fatar da ta matsu tana riƙe bakin tsaga, ba ta barinta ta buɗe. Amma fa da sharaɗi: in zafin ya yi yawa, ko ya huce da gaggawa, sabbin tsagogi ake samu, gyara ya koma ɓarna. Kamar ka sheƙa tafasasshen shayi cikin kofin gilas a sanyin asubar Ahaggar.

Mu ba mu da leza a kasuwa, amma darasin namu ne. Ɗan kasuwa, naɗe kowane buji daban, kada su yi ta gogar juna a kilomita kusan 400 na hanyar In Guezzam. Makiyayi, kada ka watsa wa inji mai zafi ruwan sanyi, kada ka bar injin ruwa yana juyawa a bushe. Bujin da ya faɗi, ko ba ka ga tsaga ba, kada ka dogara da shi a tsakiyar hamada. Riƙe wani a jaka.

Allah ya kai mu lafiya, ya tsare dukiya.