Farautar Mus a Dajin Alaska: Shirin da Ke Cin Shekara Guda

Yau allon namu zai yi doguwar tafiya zuwa jihar Alaska ta ƙasar Amurka, domin mu ga yadda mutum yake shirya farautarsa ta farko ta wata dabba da ake kira mus. Kada sunan ya ruɗe ku ku zaci mussa ce mai kama ɓera. Mus dabba ne mai kofato, mai tuƙa kamar saniya. Yana cikin dangin barewar ƙasashen sanyi, kuma duk dangin babu wanda ya kai shi girma. Ƙaton namiji na Alaska yana iya kai kilo 700, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa kusan mita 2. Namijin ne kaɗai yake da ƙaho, mai faɗi kamar an buɗe tafin hannu. Kowace shekara ƙahon yana faɗuwa a lokacin sanyi, sabo ya tsiro.

Ita kuma Alaska, Amurka ta saye ta daga hannun Rasha a 1867 a kan dala miliyan 7.2, ta zama jiha ta 49 a 1959. Girmanta ya kusa ninka na Najeriya sau biyu, amma mutanen cikinta ba su kai miliyan ɗaya ba. Yawancin ƙasar babu titi. Ko babban birnin jihar, Juno, mota ba ta zuwa daga wasu garuruwan, sai jirgin sama ko na ruwa. Ku riƙe wannan magana ta rashin titi, domin duk abin da zan faɗa a ƙasa daga ita ya taso.

Wanda bai sani ba zai ce abu mafi wuya a farauta shi ne harbi. A farautar mus ba haka ba ne. Harbi na daƙiƙa ɗaya ne. Aikin yana farawa ne bayan dabbar ta faɗi, domin babban mus yana ba da nama kilo 200 zuwa 300, kuma doka ta ce sai an fito da shi duka. Ku tuna ranar layya idan an kayar da sa, maza nawa suke taruwa a kansa, ga ruwa, ga tabarma, ga masu miƙo wuƙa. To, a can mutum biyu ne kawai, a cikin fadama mai sanyi, kuma dabbar ta fi yawancin shanunmu nauyi. Cinya ɗaya tak ta fi buhun siminti. Saboda haka masu hankali suna fara shiri daga ƙarshe ne. Tambayarsu ta farko ita ce, yaya za mu fito da naman? Sauran abubuwa sai su biyo baya.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. A ce an harbi mus a wurin da ke da nisan kilomita ɗaya da rabi daga sansani, kuma naman ya kasu kaya 8. Kowane kaya sai an je an dawo, wato kilomita 3. Jimla kilomita 24 ke nan. Idan mutum biyu ne, kowa zai taka kilomita 12, rabinsu da kaya mai nauyi a baya. Ƙasar kuma ba irin filin ƙwallonmu ba ce, taɓo ne da dunƙulen ciyawa da ke murguɗa ƙafa, ga sarƙaƙiya. Shi ya sa tsofaffin mafarauta suke gargaɗin sabon shiga kada ya harbi mus nesa da kogi ko wurin da jirgi zai sauka, kome girman ƙahonsa. Haka kuma ba a harbinsa yana tsaye cikin ruwa, domin idan ya faɗi a tafki babu mai iya jawo shi, sai dai a feɗe shi a cikin ruwan da ke neman daskarewa. Wannan lissafin ne yake sa mai shirin tafiya ya fara motsa jiki tun watanni kafin lokaci. Yakan cika jaka da yashi ko duwatsu, ya goya, ya riƙa hawan tudu da ita.

Sai maganar takardu. Akwai hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar, wadda ta raba Alaska zuwa yankunan farauta 26, kowane da dokarsa. Dole a sayi lasisi. Wanda ba mazaunin jihar ba sai ya ƙara da sayen wata alama da ake ɗaura wa dabbar bayan an kashe ta. Wasu wuraren masu kyau ba a ba kowa izini, ƙuri'a ake yi. Ana cike takardar ƙuri'ar daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, alhali farautar ba za a yi ta ba sai Satumba mai zuwa. Kun ga inda shekara guda ta shiga. Wanda kuma ba ɗan ƙasar Amurka ba ne kuma ba ya zaune a can, kamar ni da ku, ba zai shiga daji farautar manyan dabbobi shi kaɗai ba, dole ya ɗauki jagora mai lasisi.

Akwai wata doka da na ga ta fi kowace ban sha'awa. A yankuna da yawa ba kowane namiji ake harbi ba. Sai wanda faɗin ƙahonsa ya kai inci 50, wato santimita 127, ko wanda yake da tsinaye uku ko huɗu a gaban ƙahon, ta saman goshi, gwargwadon dokar yankin. Dalili shi ne a bar matsakaitan maza su rayu su haihu. Amma wa zai je ya auna kan mus da tef yana raye? Saboda haka mafarauci yana koyon aunawa da ido. Yakan kwatanta faɗin ƙahon da tazarar da ke tsakanin idanun dabbar, wadda take kusan inci 10. Sabon shiga yana shafe watanni yana kallon hotuna da bidiyo yana gwada kansa. Idan ya harbi mai inci 48 ya karya doka, kuma abin da ake so ya yi shi ne ya gyara naman, ya kai kansa wurin jami'an daji. Naman da ƙahon za su iya kuɓuce masa, ga tara. Don haka da yawa suna ƙirga tsinayen goshi kawai, domin ƙirga ta fi kintace tabbas. Idan shakka ta shiga, sai a bar dabbar ta wuce.

Yaya ake isa dajin? Yawanci da ƙaramin jirgin sama, wani mai taya, wani mai sauka a kan ruwa. A birnin Ankorej akwai tafkin Hud, tashar jiragen sauka kan ruwa da ta fi kowace hada-hada a duniya. Mafi ƙanƙantar jiragen, irin Super Cub, fasinja ɗaya yake ɗauka, kuma matuƙi yana auna kayan mutum a sikeli. Wasu ba sa yarda kayan su wuce kilo 25 ko 30. Matuƙan kirki ana kama gurbinsu tun shekara guda kafin tafiya. Wasu mafarautan a wuri ɗaya ake ajiye su su kafa tanti. Wasu kuma a saman kogi ake sauke su da kwalekwalen roba, su biyo ruwa kwana goma har inda za a ɗauke su. Na biyun yana da daɗin ji, amma idan ruwan ya yi ƙasa, jan kwalekwale mai ɗauke da mus a kan tsakuwa ba wasa ba ne. Kuma akwai doka a nan ma: ranar da jirgi ya sauke ka ba za ka yi harbi ba, sai bayan ƙarfe 3 na asubahin washegari. An yi haka ne don kada mutum ya hango dabba daga sama ya sauka ya harbe ta. A ganina wannan adalci ne ga dabbar.

Tunda kilo 30 ne kawai, me za a ɗauka? Abu na farko tufafin da za su hana sanyi kashe mutum. A Satumba ana yawan ruwan sama, kuma da dare ruwa yana iya daskarewa. Rigar auduga, wadda mu a nan ita ce ta fi daɗi, a can haɗari ce, domin idan ta jiƙe ba ta bushewa da wuri, sai ta riƙa zuƙe ɗumin jiki. Jikin da ya yi sanyi fiye da kima yana fara da karkarwa, daga nan tunani ya rikice, mutum ya kasa ko kunna ashana. Don haka ulu ake sawa da yadin roba, riga kan riga, sannan rigar ruwa da takalmin roba mai kaiwa cinya. Sai tanti mai jure iska, da jakar barci, da ƙaramin risho. Ruwan kogi kome kyansa sai an tace ko an tafasa, saboda wata ƙwayar cuta mai sa gudawa. Waya ba ta da sabis a wurin, sai dai na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Kafin tashi kuma ana bar wa wani a gida bayanin inda za a sauka da ranar dawowa. Abinci ana ƙara na kwana biyu ko uku, domin idan hazo ya rufe sama jirgi ba zai zo ba, ko da ranar alkawari ce.

Bindiga kuwa, wadda ta dace ita ce mai ƙarfi wadda mutum ya saba da ita sosai. Ana so harsashi ya shiga bayan kafaɗa, wajen huhu, don dabbar ta mutu da sauri ba tare da wahala ba.

Neman mus aikin haƙuri ne. Idonsa ba shi da ƙarfi sosai, amma hancinsa da kunnensa ba a magana. Dole iska ta riƙa busowa daga wajensa zuwa wajenka. Mafarauci yana hawa tudu da asuba da yamma ya zauna da madubin hangen nesa yana duba fadamu. Wajen ƙarshen Satumba lokacin barbara yake kamawa, sai a yi masa dabara. A naɗe ɓawon itace kamar mazurari a yi kukan mace a ciki, ko a goga busasshen ƙashin kafaɗa a jikin itatuwa, ya ji kamar wani namiji ne yake neman faɗa. Yana iya zuwa bayan awa ɗaya, yana iya zuwa washegari. Kuma ba a raina shi. A Alaska mus yana raunata mutane a shekara fiye da yadda beyar take yi. Idan ya kwantar da kunnuwa, gashin wuyansa ya miƙe, sai a nemi bayan itace.

Yanzu a ce an dace, mus ya faɗi. Mutum biyu ba za su iya juya shi yadda suke so ba, saboda haka a gefen da ya kwanta ake fara fiɗa. A cire fata, a cire cinya da karfata, da naman gadon baya, da na wuya, da haƙarƙari, sannan a juya da igiya a yi ɗaya gefen. Sabon shiga yana iya shafe awanni da yawa, sau da yawa har dare, da fitilar goshi. Nama yana son abu uku: sanyi, tsabta da bushewa. Ba a sa shi a leda, domin zai yi gumi ya ruɓe. A buhunan yadi masu shan iska ake sawa, waɗanda suke hana ƙuda yin ƙwai. Wasu suna fesa masa ruwan tsami irin na lemo don korar ƙudan. A sansani sai a gicciya sanda tsakanin itatuwa a rataye buhunan, a ɗaura tamfol a sama don ruwa, amma ba a bari tamfol ɗin ya taɓa naman. Kullum sai an duba an shinshina. A wasu yankunan ma doka ta hana cire naman daga ƙashi kafin a fito daga daji, domin mai ƙashi ya fi jinkirin lalacewa, ko da yake ya fi nauyi.

Ƙamshin nama kuma yana kiran baƙon da ba a gayyata ba, wato beyar. Don haka ana rataye naman nesa da tantin barci, kuma ana janye shi daga inda aka bar tumbi da hanji tun da wuri. Duk lokacin da za a koma ɗauko wani kaya, ana tafiya ana magana da ƙarfi, da bindiga ko feshin barkono a hannu, don kada a yi kiciɓis da beyar a kan gawa.

Ƙahon da kowa yake so ya rataye a ɗakinsa, shi ne na ƙarshen fita. Doka ta ce ba za a ɗauke shi daga wurin ba sai tare da kayan nama na ƙarshe ko bayansa. Wanda ya ɗauki ƙaho ya bar nama ya ruɓe da gangan ya yi babban laifi, hukuncinsa tara da ɗauri, kuma ana iya ƙwace kayan farautarsa. Dokar ta yi tsanani ne domin a ƙauyukan Alaska mus abinci ne. Al'ummar Atabaskan da ke zaune a bakin kogin Yukon sun daɗe suna rayuwa da namansa, suna ɗinka takalma da safar hannu da fatarsa, kuma mus ɗaya yana iya ciyar da gida tsawon lokacin sanyi. Baƙon da ba zai iya tafiya da naman duka ba yakan ba mutanen ƙauye, amma sai mai tsabta, kuma akwai takardar da ake cikewa ta nuna wa ya bayar, wa ya karɓa.

Ƙaramin jirgin da ya kawo mutum biyu a sawu biyu yanzu sai ya yi ƙarin sawu saboda nama, kuma kowane sawu da kuɗinsa, don haka tun a gida ake ware wannan kuɗin. Bayan an dawo gari, saura abu ɗaya. Kowane mai izini sai ya aika wa hukuma rahoton inda ya je, da kwana nawa ya yi, da abin da ya samu, ko da bai harbi kome ba. Da waɗannan rahotanni, tare da ƙirgar da ake yi daga jirgin sama, hukumar take yanke adadin mus ɗin da za a bari a farauta a shekara mai zuwa.