Yadda kwamfuta ke gane lambar da ta fi girma

Idan ka je tura kuɗi ta wayar salula, saƙo ya dawo cewa abin da ke asusunka bai kai ba, to a can cikin wata na'ura an kwatanta lambobi biyu. A harshen asambler, wanda ya fi kowane kusa da ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, wannan aikin umarni ne mai haruffa uku: CMP.

Sai dai furosesa ba ya kwatantawa irin ta mutum, ɗebewa yake yi. Mu ɗauki zuriyar Intel 8086, wanda ya fito a 1978, wadda har yau jikokinta ne ke cikin yawancin kwamfutocin ofis. Idan aka rubuta CMP AX, BX, furosesa zai cire lambar da ke ma'ajiyar BX daga ta AX, sannan ya yar da amsar. Lambobin biyu suna nan ba a taɓa su ba. Abin da ya rage ƴan alamomi ne da ake kira tutoci, kowace 0 ko 1. Kamar mai awo ne da sikeli mai faranti biyu: ɓangaren da ya rinjaya kawai yake dubawa.

Tutar ZF tana tashi idan amsar sifili ce, wato lambobin daidai suke. CF tana tashi idan sai da aka ranto, kamar yaron da aka ce ya cire 7 daga 5. SF tana nuna amsar ta yi ƙasa da sifili, OF kuwa tana nuna ta fi ƙarfin wurin da aka tanadar mata. CMP kansa ba ya yanke hukunci. Umarnin da ke biye da shi ne ke karanta tutocin, ya tsallaka zuwa wani layin shirin ko ya wuce gaba.

A nan tarkon yake. Jerin bit takwas 11111111 ana iya karanta shi 255, ana kuma iya karanta shi −1. Furosesa bai san wanne mai rubuta shirin yake nufi ba, shi ya sa yake ɗaga tutocin lissafin biyu a lokaci guda. A kwatanta wannan jerin da 1: umarnin JB, mai duba CF, zai ga 255 ce, ta fi 1. Umarnin JL, mai duba SF da OF, zai ga −1 ce, ba ta kai 1 ba. Kowannensu yana da gaskiyarsa.

Me ya sa JL ba ya tsayawa kan SF ita kaɗai? A cire −100 daga 100, amsar 200 ce, amma bit takwas masu alama ba sa wuce 127, don haka sai ta fito −56. SF ta yi ƙarya ke nan, OF ce ke tona ta.

Kuskuren zaɓi tsakanin JB da JL ba ƙarami ba ne. Shirin da ke duba ko tsawon saƙon da ya shigo bai wuce iyaka ba, idan ya yi amfani da JL, ɗan kutse zai iya aiko masa da lamba mai girman gaske da za ta bayyana ƙasa da sifili. Bincike ya ce babu laifi, saƙon ya malale cikin ma'ajiyar da ba tasa ba. Ta irin wannan ƙofar aka sha shiga na'urorin mutane.

Wayar da ke aljihunka, kusan tabbas furosesan ARM ne a cikinta, shi ma yana da CMP da tutoci huɗu: N, Z, C da V. Amma C ɗinsa a juye take, tana tashi ne idan ba a ranto ba, abin da ke rikita wanda ya fara koyo da Intel. RISC-V kuma, da aka fara ƙirƙira a jami'ar Berkeley ta Amurka a 2010, ya watsar da tutocin gaba ɗaya: umarni guda ke kwatantawa ya tsallaka. A ganina ya fi sauƙin koyo, ko da yake shi ma sai mai shirin ya zaɓa tsakanin BLT da BLTU.