A Sayar da Iri ko a Jira Damina? Abin da Masai Ujiri Ya Gani a Toronto

Manomin citta a Kachia ko Kwoi yana da wata matsala tasa ta musamman: abin da zai kai kasuwa shi ne kuma abin da zai binne a gona baɗi. Idan farashi ya yi daɗi a Kafanchan, zuciya takan ce a tsaga duka a shanya a sayar, hankali kuwa ya ce a bar iri. Tun da cuta ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, ba wanda ke buƙatar a yi masa bayanin darajar iri.

Irin wannan lissafi ne ke hana shugabannin ƙungiyoyin ƙwallon kwando barci. Ga ƙungiya tana da gwanaye, tana cin wasa, amma kofi ya ƙi zuwa. Shin a ƙara zuba kuɗi a ci gaba da fafatawa, ko a sallami manyan a tara yara a sake gini? Matasanmu da ke bin gasar NBA ta Amurka a waya da tsakar dare suna wannan musu kullum, alhali mutumin da ya fi kowa ɗanɗana zaƙi da ɗacin tambayar a jiharmu ya tashi.

Masai Ujiri a Ingila aka haife shi a 1970, amma a Zariya ya girma, a nan kuma ya fara jefa ƙwallo a kwando. A 2013 ya karɓi ragamar ƙungiyar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada.

Kafin mu shiga labarinsa, sai mai karatu ya san wani abu da zai ba mai kallon Firimiyar Ingila mamaki. A NBA ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 82 a kaka, kuma ba a korar kowa zuwa ƙaramar gasa. Hasali ma wanda ya sha kashi lada ake ba shi. Kowace shekara akan jera matasan da suka isa shiga gasar, ƙungiyoyi su riƙa ɗauka bi da bi, kuma 14 da suka kasa kaiwa wasannin fidda gwani su ke shiga ƙuri'ar zaɓen farko. Ukun da suka fi lalacewa kowace tana da damar kashi 14 cikin ɗari ta fara zaɓa. To ka ga dalilin da ya sa wani shugaba zai ga gara a faɗi warwas a bana, a samu yaro mai baiwa, da a tsaya tsaka-tsaki, ba kofi ba yaro.

Da wannan niyya Ujiri ya fara. A Disambar 2013 ya tura Rudy Gay zuwa Sacramento, kowa ya ɗauka rusau ya soma. Sai ikon Allah, ragowar 'yan wasan suka kama cin wasa, suka gama kakar da nasara 48. Ujiri bai yi taurin kai ba, ya ajiye gatarinsa, ya bar Kyle Lowry da DeMar DeRozan su ja ƙungiyar. Shekara biyar a jere suna kaiwa wasannin ƙarshen kaka, uku na ƙarshe duk LeBron James da Cleveland ne suka kore su gida. A 2018 sun ci wasa 59, abin da ba su taɓa yi ba, amma Cleveland ta yi musu huɗu ba ko ɗaya.

A nan ne ya yi abin da har yau ake ba da labari. Ya sallami mai horarwa Dwane Casey a shekarar da aka zaɓe shi gwarzon masu horarwa. A watan Yuli kuma ya miƙa DeRozan, ɗan lelen garin, ga San Antonio, ya karɓo Kawhi Leonard, mutumin da rauni ya sa ya buga wasa 9 kacal a kakar da ta gabata, kuma saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare. Masoya sun zage shi tas. A ranar 13 ga Yunin 2019 Toronto ta doke Golden State, ta ɗauki kofinta na farko.

Mutane sukan kira wannan caca. Ni kam ban ga caca ba, domin mai caca ba ya barin iri a rumbu. Dubi waɗanda suka tallafi Leonard. Pascal Siakam ɗan Kamaru, na 27 aka ɗauke shi a 2016. Fred VanVleet ba wanda ya zaɓe shi ma. Dukansu sun goge a ƙaramar ƙungiyar renon da Toronto ta buɗe a 2015. A cikin waɗanda suka ɗaga kofin nan babu ko ɗaya da aka zaɓa cikin 14 na farko a shekararsa. Ke nan Ujiri ya daɗe yana sake gini a ƙarƙashin ƙasa, a daidai lokacin da ake ganin yana fafatawa a sama. Shi ya sa da Leonard ya tattara ya koma Clippers bayan 'yan makonni, gida bai rushe ba; kakar da ta biyo sun ci wasa 53.

Amma gwani ma yakan makara. Lowry ya tafi a 2021. Zuwa farkon 2023 alamu sun nuna tafiyar ta ƙare, kowa na jiran a sayar da manyan tun suna da daraja. Maimakon haka Ujiri ya ba da damar zaɓe a zagayen farko na wata shekara ya karɓo Jakob Poeltl. Aka gama kakar da ci 41, faɗuwa 41, tsakiyar nan da ake gudu. VanVleet ya tafi Houston ba a samu ko anini a kansa ba. Sai a ƙarshen 2023 da farkon 2024 aka tura OG Anunoby zuwa New York, Siakam zuwa Indiana, lokacin da kwantiraginsu ya kusa ƙarewa, mai saye kuma ya san mai kaya a matse yake. Nasara 25 suka samu a kakar, 30 a ta gaba, kuma a Yunin 2025 Ujiri da Toronto suka raba gari. A ganina ƙaunar yaran da ya rena da hannunsa ce ta sa ya kasa yi musu farashi da wuri, kuma wannan laifi ne da ɗan Adam zai fahimta.

Kada kuma a ɗauka rusau shi ne magani. Philadelphia ta yi shekara uku tana faɗuwa da gangan, har ta ci wasa 10 cikin 82 a kakar da ta ƙare a 2016. Ta samu Joel Embiid, amma kofi shiru. Oklahoma City kuwa ta ba Clippers Paul George a 2019, ta karɓi matashi Shai Gilgeous-Alexander da tarin damar zaɓe, ta yi haƙuri, ta ɗauki kofi a 2025, a kan Indiana ta su Siakam.

To mu fa a gida? A nan ne nake son masoya su yi hattara da kwaikwayo. A gasar Najeriya babu layin zaɓen matasa, ba wanda zai ba ka yaro don ka zo na ƙarshe. Yawancin ƙungiyoyin Arewa, irin su Kada Stars ta Kaduna da Kano Pillars da Gombe Bulls, da kuɗin gwamnatin jiha suke numfashi, kuma gwamnati kofi take son gani kafin wa'adinta ya cika. Pillars ta ci gasar a 2016 da 2017, daga nan rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, wanda ya ɓarke a 2017, ya dagula gasar ita kanta. Ƙungiyar da ta sallami gwanayenta a irin wannan yanayi da sunan sake gini, ta sayar da iri ne kawai, ba ta da inda za ta samo wani.

Sake gini a wurinmu yana nufin fili da kwando da malami. Ujiri kansa ya gane haka tun 2003 da ya kafa Giants of Africa don horar da yara a nahiyar. Tsakanin Kafanchan da Kagoro da Zonkwa akwai makarantun sakandare birjik, ga kwalejin ilimi a Gidan Waya, ga reshen jami'ar jiha a cikin Kafanchan, ga dogayen yara suna yawo da ƙwallon ƙafa domin ita kaɗai suka samu. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, su haɗa kai su zuba siminti a fili ko da ɗaya ne a kowane gari, su kafa gasar makarantu da za a riƙa yi kowane rani ba fashi.