Mota Mai Mutuwa A Sulo: A Auna Kafin A Canza

Duk mai bin titin Murtala Muhammad a Bauchi ranar Juma'a, lokacin da ake fitowa daga Masallacin Gwallaga, ya san yadda tafiya ke komawa taku ɗaiɗai. A irin wannan cunkoso ne tsohuwar mota ke tona asirin mai ita. Tana gudu lafiya lau, amma da direba ya ɗaga ƙafa daga totur ya taka birki, sai inji ya yi kakari ya mutu, masu Keke Napep na baya su cika shi da oda. Wata kuma ba ta mutuwa, sai dai sulo ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai, ko ta mace da zarar an kunna esi.

Wanda ake fara zargi shi ne bawul ɗin sulo, wanda takardun mota ke kira IAC. Inji mai injekta yana shaƙar iska ta maƙogwaron totur. Idan ƙafa ba ta kan totur, ƙofar maƙogwaron a rufe take, saboda haka aka yi wata 'yar ɓarauniyar hanya ta gefe. Bawul ɗin ne ke gadin hanyar, kwamfutar mota kuwa, wadda makanikai ke ce wa birenbos, ita ke umartarsa ya buɗe ko ya rage, don inji mai zafi ya tsaya wajen juyi 700 zuwa 800 a minti. Motocin shekarun 1990 zuwa farkon 2000 da suka cika Bauchi, 'yan Kwatano irin su Camry fensir, Carina E, Honda Accord da Peugeot 406, yawancinsu da shi suke aiki. Na baya-bayan nan masu totur na lantarki ba su da shi.

Abin da aka saba yi a gareji shi ne a ɗaure wayar totur ko a murza sukurun sulo har motar ta daina mutuwa. A ganina wannan rufe ciwo ne da tsumma. Motar za ta daina mutuwa, amma za ta riƙa shan mai fiye da ƙima, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu mai kuɗin zubarwa. Wasu kuma kai tsaye za su ce a sayo wani bawul ɗin Beljiyam. Mai wayarin da ya san aikinsa mita yake fara ɗaukowa.

Da farko batir: a kashe, lafiyayye yana nuna kusan bolt 12.6, idan inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Batir mai rauni ko caja mai wasa suna iya rikita sulo alhali bawul bai yi laifin komai ba. Daga nan a kashe mota, a zare makulli, sannan a cire soket ɗin bawul. A leƙa cikinsa. Sau da yawa za a ga ƙafafun sun yi kore saboda ruwan wankin inji, ko ɗaya ta lanƙwashe, ko ɓera ya ci waya a ɗan nesa da soket.

Sai a juya mita zuwa ma'aunin om, a haɗa bakunan wayoyinta biyu don ganin abin da ita kanta ke nunawa, a cire shi daga lissafi. Yawan ƙafafun bawul ne ke faɗin yadda za a auna. Mai ƙafa biyu, kamar na tsofaffin Honda, naɗin waya ɗaya ne a ciki, kuma ana sa ran om 8 zuwa 15. Mai ƙafa uku na tsofaffin Toyota naɗi biyu gare shi, ɗaya na buɗewa ɗaya na rufewa. Wuta na shiga ta ƙafar tsakiya, kuma daga ita zuwa kowane gefe akan samu wajen om 20. Mai ƙafa huɗu, irin na Opel da Peugeot da dama, ɗan injin lantarki ne mai tafiya taki-taki yana tura wani ɗan tsinke ciki da waje. Ƙafafunsa biyu-biyu ne, kowane biyun kusan om 50, kuma bai kamata mita ta ga wata alaƙa tsakanin waɗannan da waɗancan ba. Ainihin adadin ya danganta da ƙirar inji, shi ya sa littafin gyaran motar ke raba gardama. Amma ko babu littafi, mita ta ƙi motsi na nufin naɗi ya tsinke, ta faɗo kusa da sifili na nufin ya ƙone ya haɗe. Naɗi biyu da suka yi hannun riga a adadi su ma abin tuhuma ne.

Idan bawul ya ci jarrabawa, sai a koma kan soket na ɓangaren mota. A murza makulli ba tare da tayar da inji ba. A mai ƙafa biyu ko uku, ƙafa ɗaya za ta nuna wutar batir. Idan babu, matsalar fis ce ko rile ko waya, kuma ko bawul goma aka saya ba za ta gyaru ba.

Akwai ganganci da ya zama ruwan dare: a jawo waya daga batir a dangwala wa bawul don a ji ko zai yi ƙas. Mai ƙafa huɗu ba a yi masa haka, kuma ba a tura tsinkensa da hannu. Wasu masu ƙafa uku na ƙarshen shekarun 1990 suna da ɗan allon lantarki a ciki, awon om ba ya faɗin gaskiyarsu, wuta kai tsaye kuma tana iya kashe su. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana karɓar na'urar bincike, lambar P0505 kuwa tana nuni ga tsarin sulo gaba ɗayansa, har da wayoyi.

Sau tari lantarkin lafiya yake, datti ne kawai. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai sukan haɗu su zama baƙin danƙo a cikin hanyar iskar, tsinke ya kasa motsi. A kwance bawul, a wanke bakinsa da maganin wanke kafireta, a kiyaye kada ya shiga ɓangaren waya, a bar shi ya bushe, a mayar da gasket mai kyau. A kuma bi tiyoyin iska, domin tiyo mai tsaga yana shigar da iskar da kwamfuta ba ta san da ita ba. Sannan a tambayi bakanike ko an taɓa cire tamostat, al'adar da ta yaɗu a garejinmu da sunan maganin zafi. Injin da bai kai zafinsa ba, kwamfuta takan ɗauka har yanzu ɗumi yake yi, sai ta bar bawul a buɗe, sulo ya zauna sama, mai na tafiya.