Yatsa da Fuska Sun Zama Fasfo: Yadda Sabon Tsarin Tantance Matafiya Ya Iso Dutse

Shekarun baya, maniyyaci daga Kiyawa ko Jahun idan ya riƙe fasfo da biza a hannu, hankalinsa ya kwanta. Jami'i zai dubi hoto, ya dubi fuska, ya buga tambari. Yau na'ura ce take fara yi masa tambaya, kuma da jikinsa zai amsa: ya ɗora yatsu a kan gilashi, ya tsaya gaban kyamara. Idan abin da ta gani bai dace da abin da aka ajiye a rumbunta ba, tafiya ta tsaya.

A Jigawa ta tsakiya, akasarin mutane ta hanyar aikin Hajji suke fara karo da wannan tsari. Filin jirgin saman Dutse, wanda aka buɗe a 2014 zamanin Gwamna Sule Lamido, yanzu kuma yake ɗauke da sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi, babban aikinsa na ƙetare shi ne jigilar alhazai. Masu hawa jiragen kuwa da yawansu manoma ne, da dattawa, da matan karkara da ba su taɓa fita ƙasar waje ba.

Dalilin farko na sauyin daga Saudiyya ya taso. Ta daɗe tana fama da masu shiga da bizar Umara su ƙi fita, waɗanda muke kira 'yan takari, da waɗanda aka koro amma suka komo da sabon suna. Ana iya sauya suna, amma zanen yatsa ba ya sauyuwa. Sai kuma batun ceton rai. A Hajjin 2024 hukumomin ƙasar sun sanar da rasuwar mutum 1,301 a tsananin zafi, kashi 83 cikin ɗari kuma ba su da izinin aikin Hajji, don haka ba su da tanti ko motar da aka tanadar musu. Wannan ya ƙara wa katin shaidar alhazai na Nusuk muhimmanci, ya kuma tsaurara tantancewa.

Dalili na biyu tsaro ne. Amurka ta fara ɗaukar yatsun baƙi a 2004. Ƙasashen Turai 29 sun soma nasu tsarin ranar 12 ga Oktoba, 2025, inda yatsu da hoton fuska suke maye gurbin tambari. Ɗalibi daga Jami'ar Tarayya ta Dutse da zai halarci taro a Jamus ko Faransa, da wannan zai gamu. Najeriya ma ta bi sahu: fasfo mai ɗauke da bayanan mai shi a na'urance ya zo a 2007, daga baya aka ɗaure shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, a 2024 kuma aka fara kafa ƙofofi masu buɗe kansu a filin jirgin Abuja.

Alfanun a bayyane yake. Sojan gona ya yi wuya, wanda ya tsinci fasfon wani ba zai yi tafiya da shi ba, kuma alhajin da ya ɓata ko ya suma a Mina ana iya gano ko shi wane ne cikin ɗan lokaci. Wanda bayanansa suka daidaita yakan wuce da sauri.

Amma nauyin bai faɗa kan kowa daidai ba. Hannun da ya shekara arba'in yana riƙe fartanya, ko yana cirar gyaɗa da yankan riɗi, zanensa yakan shafe. Hunturu ya zo ya ƙara busar da fata. Irin wannan dattijo zai ɗora yatsa sau biyar, sau goma, na'ura ta ƙi karɓa, layi ya tsaya a bayansa, shi kuma ya ɗauka wani laifi ya yi. Mata kuwa al'adar ƙunshi kafin tafiya takan jawo musu cikas, domin lalle mai kauri, musamman baƙi, yana rufe zanen yatsa.

Sai matsalar suna, wadda ta fi kowace yawa. Mutum ɗaya ne, amma a NIN Muhammad, a tsohon fasfo Mohammed, a banki Mamman. Wani ya sa sunan mahaifi, a wata takarda ya sa sunan garinsu, Gwaram ko Birnin Kudu. Ranar haihuwa kuma ƙiyasi ce, shi ya sa ɗaya ga Janairu ta yi yawa a takardunmu. Jami'in da ya san al'adarmu zai gane, kwamfuta kuwa mutum uku take gani. Gyaran yana cin kuɗi da makonni, ga kuɗin mota zuwa Dutse sawu bayan sawu, alhali tun Satumban 2025 fasfo mai shafi 32 ya kai naira 100,000.

Manhajar Saudi Visa Bio, wadda ake ɗaukar yatsu da fuska da ita ta waya, ta rage doguwar tafiya. Sai dai tana buƙatar babbar waya mai kyamara mai kyau da intanet mai ƙarfi. Wanda ba shi da su yakan miƙa fasfonsa da yatsunsa ga mai shagon kwamfuta, ba tare da sanin inda bayanan za su ƙare ba. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma ƙalilan ne a karkara suka ji labarinta.

Idan aka ɗora duka a ma'auni, tsarin ya zo da zama, kuma amfaninsa ya rinjayi illarsa. Abin da ya sauya shi ne wurin da iyaka take. Ba a Jidda ko Madina ake fara tantance mutum ba, a teburin rajistar NIN na ƙaramar hukumarsu ake farawa, watanni kafin ya ga jirgi. Tun ran gini ran zane.

Saboda haka maniyyaci ya daidaita sunansa da ranar haihuwarsa a duk takardunsa kafin ya biya kuɗin kujera. Mata su jinkirta ƙunshi har a gama ɗaukar yatsu a nan gida da can wurin sauka. Mai busasshen hannu ya riƙa shafa man kaɗanya kwanaki kafin ranar, ya goge shi kafin ya ɗora yatsa. Malaman bita su sa wannan cikin darasi kusa da ihrami da ɗawafi. Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha ta kai na'urori da ma'aikata ƙananan hukumomi, ta gano masu shafaffun yatsu da wuri, ta ba su shaidar da za ta sa a tantance su ta fuska.

Manomin da ya tara kuɗin riɗi shekara goma don ya ga Ka'aba, aikin da ya biya masa kujerar shi ne ya shafe masa zanen yatsa. Haƙƙinsa ne a kanmu a warware masa wannan tun yana Dutse.