Maryam Booth: Daga Yarinta Zuwa The Milkmaid

A wannan ɗan rubutu ina so in yi tsokaci kan Maryam Ado Muhammad, wadda aka fi sani da Maryam Booth. An haife ta a Kano a shekarar 1993, kuma a gida ta tarar da sana'ar, domin mahaifiyarta, marigayiya Zainab Booth, wadda ta rasu a 2021, fitacciyar 'yar wasa ce. Tun tana ƙarama ta fara fitowa a finafinan da muka riƙa kallo a talabijin a gidajenmu na Wunti.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na ɗalibin harshe shi ne laƙabi. Masu kallo sukan liƙa wa ɗan wasa sunan da ya fito da shi, kamar yadda marigayiya Hauwa Ali Dodo ta koma Biba. Ita kuwa Maryam, fim ɗin Dijangala ne ya raɗa mata suna. Ga babba wannan ado ne, amma ga yarinya takan zama tarko: ta girma, jama'a na yi mata kallon 'yar jiya, masu shirya fim kuma su ƙi ba ta rawar manya.

A ganina fim ɗin The Milkmaid na Desmond Ovbiagele ne ya kwance mata wannan ƙulli. A ciki ta fito a matsayin Zainab, Bafillatanar da 'yan ta'adda suka sace har ta rungumi aƙidarsu. Rawar ta ba ta kyautar AMAA ta 2020, kuma fim ɗin Nijeriya ta miƙa wa gasar Oska.