Likitan Jamus da ya yi wa sarkin Jafan rawa

Engelbert Kaempfer ɗan limamin coci ne, an haife shi a Lemgo ta ƙasar Jamus a 1651, garin da ya yi ƙaurin suna wajen farautar waɗanda ake zargi da maita. Ga kaɗan daga abin da ya sa har yau ake tunawa da shi.

Karatunsa yawo ne zalla. Ya zauna makarantun Lübeck da Danzig, ya wuce Krakow ta Folan, sannan ya yi shekara huɗu a Königsberg yana koyon likitanci. Duk da haka bai karɓi digirin dakta ba sai a 1694 a Leiden, yana da shekara sama da 40, bayan ya gama duba marasa lafiya a Asiya. Wato aiki ya riga takarda.

A 1683 ya bi tawagar jakadan Suwidin a matsayin magatakarda, suka ratsa Mosko, suka isa Isfahan a 1684. A hanya ya tsaya Baku ya ga man fetur na tsattsafowa daga ƙasa, da wuta tana ci babu itace.

Abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne kundin digirinsa. Abubuwa goma ya tattara a ciki, kuma ɗaya daga cikinsu kurkunu ne, wanda ya gani a bakin tekun Farisa. Wannan tsutsar da ake naɗewa a tsinke a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan don kada ta tsinke a cikin ƙafa, ita ce ya kai wa malaman Turai a matsayin abin al'ajabi. A kundin dai ya bayyana yadda Jafanawa ke soka allura a jiki don magani, da yadda suke ƙona busasshen ganye a kan fata, kusan irin lalas ɗinmu.

A 1690 ya sauka Nagasaki yana likitan kamfanin Holan. Turawa ba su da damar yawo. A ɗan tsibirin Dejima ake tsare su. Amma da yake mai wayo ne, ya koya wa wani saurayi mai yi masa hidima yaren Holan, shi kuma ya riƙa kawo masa littattafai da labarai a asirce, abin da ka iya ja wa yaron hukunci mai tsanani. Sau biyu Kaempfer ya je Edo, inda fadar mai mulkin Jafan take, a 1691 da 1692, yana ɓoye kamfas a akwati yana zana hanya.

A fada kuwa, mai mulkin, Shogun Tsunayoshi, yana bayan labule ya sa baƙin suka yi tsalle, suka yi rawa, Kaempfer har ya rera waƙar soyayya da Jamusanci. Tsunayoshi ne sarkin da ya kafa dokar kare karnuka, kashe kare ya zama babban laifi.

Da Kaempfer ya koma, gida bai yi masa daɗi ba: aure ba zaman lafiya, 'ya'yansa duka sun rasu suna ƙanana. Ya mutu a 1716. Littafinsa kan Jafan da Ingilishi ya fara fitowa a Landan a 1727, Jamusawa ba su same shi da harshensu ba sai a 1777.